Gidan Kason Beyar a Churchill

A garin Churchill, bakin tekun Hudson a Kanada, akwai gidan kason da ba don mutane aka tanade shi ba. Farin beyar ake tsarewa a ciki, idan yunwa ta koro shi cikin gari yana tonon bola. Ruwa kaɗai ake ba shi, don kada ya saba da neman abinci wurin ɗan Adam.

Da wuya a ga laifinsa. A kan ƙanƙarar teku yake farautar sil, wata dabbar ruwa mai kitse. Idan ƙanƙarar ta narke, sai ya hau tudu ya shiga azumin dole, yana zubar da kusan kilo guda kullum. Yanzu kuwa tana narkewa da wuri, tana jinkirin daskarewa. Ƙiyasin 2016 ya nuna saura 842 a yammacin Hudson. Na 2021, 618.

A 1973 Kanada, Amurka, Norway, Denmark da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla yarjejeniyar taƙaita farautarsa a Oslo. Ta yi amfani matuƙa, amma bindiga ta hana. Ba ta taɓo hayaƙin gawayi da fetur da ke ɗumama tekun ba. Mace mai ciki ta fi jin jiki: takan yi wata takwas ba ta ci komai ba, a haka za ta haihu, ta shayar.