RANAR DA MOTAR KAWU TA SHA RUWA A HANYAR SHEME

Duk wadda ta taɓa zuwa jere ta san tafiyar biki ba ta rasa abin labari, to amma ni wanda na samo a tafiyarmu Sheme cikin watan Satumba na 2021 ba na katifa ba ne ba na kwalla ba, labarin mota ne, kuma har yau in na ji warin man gas sai gabana ya ɗan faɗi.

'Yar Kawuna ce aka yi wa aure, mijin kuwa manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Sheme, cikin ƙaramar hukumar Faskari a jihar Katsina. Aka ce ni da Gwaggo da wata ƙanwar mahaifiyar amarya mu ne 'yan jere, Yaya kuma, wato babban ɗan Kawu, shi zai tuƙa mu. Da na fito da asuba na ga motar da aka lafta wa gado da sif da kwalaye, wallahi sai da na ɓata rai. Tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Hilux mai ƙofa huɗu, irin ta wajajen 1990, fentinta duk ya koɗe, in aka tashe ta kuwa sai ki rantse injin niƙa ne. Na ce, "Haba Yaya, a wannan akwalar za mu shiga dangin miji?" Ya yi dariya ya ce, "Auta ke nan. Ai inda za mu je mai ƙyalli ba ta zuwa."

Yaya ya yi shekaru yana koyon kanikanci a Ƙofar Ruwa, shi ya sa kafin mu tashi sai da ya buɗe gaban motar ya zaro sandar awon baƙin mai ya duba, ya leƙa ruwan lagireto, ya danna fambel da yatsa, sannan ya murɗa makulli ya tsaya yana kallon wata 'yar fitila har ta mutu kafin ya tayar. Ni kuwa duk na ƙosa. Ya ce mini motar gas ba ta da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur, iska take matsewa sau ashirin da wani abu har ta yi zafin da in an fesa mata gas sai ya kama da kansa, don haka da sanyin safiya sai an jira hita ta ɗumama cikin injin tukuna. Wai wani Bajamushe ne mai suna Rudolf Diesel ya ƙera irinsa na farko da ya yi aiki sosai a 1897. Na ce Allah Ya ba shi lada, mu dai mu tafi.

Muka bi ta Gwarzo, muka wuce Dayi, muna shiga ƙasar Malumfashi sai na ga wayata ta zama hoto. A wannan watan ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa. Ga shi kuma tun ƙarshen watan Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Tamu ba ta haya ba ce, amma Kawu ya riga ya ja wa Yaya kunne cewa ko da wasa kada ya bi ta can, ya zagaya ta Bakori ya faɗa Funtuwa, kuma duk abin da ake ciki kada magariba ta same mu a daji.

A Funtuwa aka yi kuskuren. Gidajen mai biyu muka shiga babu gas, Yaya kuwa yana ta duban agogo, sai ya tsaya wajen wani mai sayarwa a bakin hanya aka ɗura mana daga wani tsohon duro da ke zaune a fili, ga shi daren jiya an kwana ana ruwa. Na ga Yaya ya ɗan yi jim, amma bai ce komai ba.

Daga Funtuwa in kin ɗauki titin Gusau, ke dai bari, idonki ba zai gaji da kallo ba. Masara ta bushe a tsaye wasu har sun fara karya, dawa ta yi tsawon da za ta ɓoye mai doki, ga waken suya, ga gonakin auduga da aka san wannan yanki da su tun zamanin Turawa. Muka wuce Mairuwa inda madatsar ruwa take, can sai ga Sheme. Gari ne na mararraba, irin wanda kowa ke ratsawa amma ba kowa ke tsayawa ya dube shi ba. In kin miƙe sai 'Yankara da Tsafe da Gusau, ga hanyar da ta yi Ƙanƙara, ga kuma wadda ta nufi Daudawa da Dandume, ta inda ake kaiwa ga Sabuwa. An san garin da kasuwar hatsi da ta dabbobi, sai dai a lokacin an dakatar da cinikin dabbobin, don haka muka tarar da garin shiru-shiru, direbobi na zaune a inuwa suna hira ƙasa-ƙasa. Amma mutanensa akwai karamci. Gidan da muka sauka yin sallar azahar, kafin mu sallame har an ajiye mana fura da nono da dafaffiyar masara, uwargidan tana ta cewa, "Ku ci mana ɗiyan nan, ku da kuka sha hanya."

Wajen ƙarfe uku muka bar kwalta muka kama hanyar ƙauyen. Nan Yaya ya tsaya ya sauka, ya murɗa wani abu a tsakiyar kowace tayar gaba, ya dawo ya ja ƙaramar giyar da ke gefen babbar. Ya ce yanzu ƙafafun nan huɗu duka suna ja, kuma ba a yin haka a kan busasshiyar kwalta don yana cin taya yana wahalar da giya. Ai kuwa na ga aiki. Taɓon da na tabbata zai haɗiye ƙaramar mota, haka akwalar nan ta riƙa ratsa shi a hankali tana gurnani, Gwaggo na ta salati, gado na ta ƙara a baya. Har na fara jin kunyar sunan da na kira ta da shi.

Ba mu yi nisa ba sai wata jar fitila ta kama a gaban direba. Na ce, "Yaya, mene ne wannan?" Ya ce, "Bari mu fita daga kwarin nan tukuna." Ba mu fita ba. Motar ta fara shessheƙa kamar mai tarin shiƙa, ta yi gaba ta yi baya, farin hayaƙi ya turnuƙe ta salansa, sai ɗif.

Wai! 'Yan'uwa, shirun da ya biyo baya ba zan manta shi ba. Dawa ta rufe mu hagu da dama, babu gida babu mutum, babu layin da za a kira kowa, rana kuma ta fara karkata. Babu wanda ya ambaci abin da ke ransa, amma kowa ya san ba a cika shekara ba da kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, sake murɗawa mana!" Yaya ya ce, "Gwaggo ki yi haƙuri, in na yi ta murɗawa batir zai mutu, kuma in abin da nake zato ne, ƙara tura shi ciki zan yi."

Abin da ya burge ni shi ne bai rikice ba. Ya ce injin gas abu uku yake nema, iska mai tsabta, mai mai tsabta, da ƙarfin matsewa, kuma hayaƙi shi ne bakin da yake magana da shi. Baƙin hayaƙi yawanci iska ce ta yi kaɗan, kamar in ƙurar hunturu ta toshe matacin iska. Shuɗi kuwa baƙin mai ne injin ke ƙonawa, alamar tsufa. Fari irin wannan, tare da waccan fitila, ruwa ne a cikin mai. Ya ce in juye ruwan robar da nake sha in miƙo masa. Ya tara ta a ƙarƙashin filtar mai, ya kwance wani ɗan murfi a gindinta, ya danna wani famfo da ke samanta. Da ya ɗago robar sai ga abin mamaki: gas a sama yana ɗan rawaya, ruwa a ƙasa ya kwanta, har da tsatsa. Ruwa ya fi gas nauyi, shi ya sa ya lafe a gindin tanki muna kan kwalta, da muka shiga gargada sai ya motsa ya biyo tiyo. Yaya ya ce da ya wuce filta da yawa ya shiga famfon injekta da nozul, to da sai dai a jawo motar, kuma kuɗin gyaran ya fi na gadon da muka ɗauko. Ya ƙara da cewa, "Laifina ne. Na ga duron nan, na kuma ga fitila, gaggawa ta sa na ƙi tsayawa."

Sau uku yana tatsa ruwa na fitowa, don haka ya shiga ƙarƙashin motar cikin taɓo ya zare tiyo ya zubar da na gindin tankin. Sai ga wata matsalar, man da ya rage ba mai yawa ba ne, shi ma ba a yarda da shi ba. Muna cikin haka sai muka ji motsi a cikin dawa. Ni dai na riga na riƙe hannun Gwaggo. Ashe wani dattijo ne da kekensa da fartanya a kafaɗa. Ya yi sallama ya ce, "Mi ya samu motar taku?" Da ya ji gidan da za mu, sai ya ce ai angon ɗan abokinsa ne, kuma ƙaninsa na da injin niƙa mai amfani da gas. Ya hau keken nan ya tafi, mu kuwa muka bi rana da ido. Kafin rabin awa sai ga shi da galan a ɗaure a baya. Yaya ya zuba kaɗan a roba ya bari ya natsu, ya ga babu ruwa, sannan ya ce in ba shi ɗankwalina a tace. Sabon ɗankwalin ankon biki! Na cire na ba shi, na yafa mayafi. Ya ce kyalle datti kawai yake tarewa, ba ya tare ruwa, kada in je in ba da labari ba daidai ba.

Saura aiki ɗaya, wai shi fitar da iska. Tunda an buɗe hanyar mai iska ta shiga, injin gas kuwa ba ya tashi in akwai iska a bututunsa. Ya ce, "Auta, zo ki yi ta danna famfon nan har sai kin ji ya yi tauri." Na tattare zani na hau kan taya ina dannawa, lallen da aka yi mini jiya duk ya jiƙe da gas, shi kuma ya sassauta notin bututun nozul da sifana. Ya murɗa makulli kaɗan, kumfa ta fito, ya bari batir ya huta, ya sake, sai mai zalla ya fara tsartuwa. Ya ɗaure notin. A murɗawa ta uku motar ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ƙarar injin niƙan ba. Gwaggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar daji, sannan ta tuna inda muke ta toshe bakinta.

Dattijon nan ya ƙi karɓar ko kwabo sai kuɗin man kawai, muka ɗora kekensa a kan katifa ya shiga gaba yana nuna mana inda taɓo ya fi zurfi. Ana kiran magariba muna shiga ƙauyen, yara suka biyo mu da gudu, dangin ango da suka fid da rai da zuwanmu suka fito da fitilu.

Washegari muka yi jere, ɗaki ya yi kyau har mata na shigowa kallo. Da hantsi kafin mu juyo na tarar da Yaya ya sake tara roba a ƙarƙashin filtar, ya ce haka zai riƙa yi kowace safiya har tankin ya wanke, in mun isa Kano kuma ya sa sabuwar filta. A Funtuwa sai da muka yi awa guda a layin gidan mai, ba wanda ya yi ƙorafi, har Gwaggo. Ɗankwalin kuwa na wanke shi ya fi sau biyar warin bai fita ba, yana nan a ƙasan akwatina.