Waƙar Aro a Duwatsun Amurum

A ƙarshen watan Oktoba, bayan damina ta yi sallama, na bar Jos da asuba na nufi dajin Amurum da ke kusa da ƙauyen Laminga. Daji ne ɗan madaidaici, kadada wajen 300, ga manyan duwatsu a tsakiya, ga kurmi a bakin rafi. A nan cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis take, mai alaƙa da Jami'ar Jos. Wani ɗalibin cibiyar ne ya yi mini jagora.

Muna cikin hawan dutse sai ya tsaya cak, ya nuna mini ƙolin wata bishiya, ya ce, "Malam, saurara." Wani ɗan tsuntsu ne baƙi mai sheƙi, dangin zalaiɗu, wanda masana ke kira Vidua maryae. Yana ta rera waƙar neman aure, amma wani ɓangare nata ba nasa ba ne. Na wani jan tsuntsu ne mai zama cikin duwatsun nan.

Dalili kuwa shi ne, uwar baƙin tsuntsun ba ta yin sheƙa. A sheƙar jan tsuntsun take saka ƙwai, masu gida su ƙyanƙyashe, su rene shi tare da 'ya'yansu. Hatta zanen cikin bakin ɗan riƙon ya yi kama da na 'ya'yan gida, don kada a hana shi abinci. Idan namiji ne, sai ya tashi da waƙar marikinsa. Idan mace ce, ba ta kula kowa sai mai rera waƙar gidan da ta tashi, kuma a irin wannan sheƙa za ta saka nata ƙwan. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma shi wannan da waƙar aro yake samun mata.

Daga nan rabuwar zuri'a ke farawa. Da zarar wata uwa ta saka ƙwai a sheƙar wani tsuntsu dabam, 'ya'yanta sun canza waƙa ke nan, sai su riƙa neman junansu, su bar danginsu na asali. Farfesa Robert Payne na Jami'ar Michigan ta Amurka ya gwada haka a keji: ya ba wani tsuntsu na daban riƙon irin waɗannan 'ya'ya, suka tashi da waƙarsa. Kuma waƙar da ya ji a bakin baƙin tsuntsun Filato ce ta sa ya nemo mai ita, har ya bayyana jan tsuntsun duwatsu a matsayin sabon jinsi a 1998.

Da muka kai saman dutsen na hango wajen iyakar dajin: gonaki sun matso, an sare itatuwa, ga hayaƙi yana tashi. Ranar da jan tsuntsun ya rasa wurin sheƙa, baƙin ma ya rasa gida da waƙa gaba ɗaya. Mu malamai mukan koyar da wannan darasi da misalan tsibiran Galapagos, alhali ga shi a bayan gidanmu. Ya kamata mu kawo ɗalibanmu Amurum su ji da kunnensu, tun masu waƙar suna nan.