Lamu: Gwanjon Ƙyallen Jirgi

A tsibirin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, jaki ne motar gari, iska kuma ita ce man jirgin talaka. Ƙananan jiragen katako da ake kira mashua suna tafiya ne da ƙyalle mai kusurwa uku, wanda Sawahilawa ke ce wa tanga, ɗaure a jikin doguwar sanda da aka karkata bisa turken jirgi.

Sabon tanga tsada gare shi, shi ya sa masunci kan nemi gwanjo daga babban jirgi. Sai dai ba a ɗaura shi yadda ya zo. Dole a yanke gefunan da rana da gishiri suka cinye, a rage tumbin da tsufa ya sakar masa, a sake ɗinka igiya a bakinsa, sannan a daidaita tsawon sanda da shi. Masu kwaɗayin gudu kan bar shi da faɗinsa, abin da nake ɗauka ganganci. Iskar kaskazi, wadda ke kaɗawa daga Disamba zuwa Maris, tana iya yi musu rangwame. Kusi kuwa, mai tasowa daga kudu tun wajen Afrilu, ba ta da wannan haƙuri, tana iya kifar da jirgi har da kamun yini.