Mota a Turke

Kakana malamin haraji ne na En'e a ƙasar Gwarzo, tun kafin a rushe En'e a kafa ƙananan hukumomi a shekarar 1976. Ban riske shi yana aiki ba, amma na riski turken dokinsa a ƙofar gidanmu na Mainika, na kuma riski wata magana tasa da mahaifina yake yawan faɗi. Wai idan damina ta yi nisa, rafuka suka kawo, aka daina fita rangadi, sai tsohon ya dubi dokin nan yana tauna dawa, ya girgiza kai, ya ce, "Doki ko ba a hau shi ba sai ya ci." Muna yara mukan yi dariya. Sai da na haura shekara arba'in sa'an nan na gane maganar, kuma ba a kan doki ba.

Ni ma aikin alƙalami na gada, akawu ne ni a ofishin ƙaramar hukuma, wadda har gobe waɗansu tsofaffi En'e suke ce da ita. A 2019 na tattara kuɗin adashi da ɗan rance na sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, mai giya ta hannu. Ba ta da kyaun da za a tsaya kallo, amma ta rufa mini asiri shekara huɗu. Ita ce zuwa ofis, ita ce kai amare, ita ce kai marasa lafiyar unguwa asibiti.

Ran 29 ga watan Mayu 2023 sabon Shugaban Ƙasa, Bola Tinubu, ya tsaya a Abuja ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500, a watan Yuli kuwa ta haura 600. A lokacin nan mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 30,000 ne. Kai mai karatu, yi lissafi da kanka: lita 50 a kan Naira 540 ta tashi 27,000. Watau cika tanki sau ɗaya ya kusa cinye albashin ƙaramin ma'aikaci ɗungum. Malaman makaranta da akawuna da yawa suka jingine motocinsu suka koma kan babur, waɗansu ma kan keke. Ni na daure har Babbar Sallah, wadda aka yi ran 28 ga Yuni, na kai iyali gaisuwa Kabo, muka dawo. Kashegari na tura motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na ja tamfol na lulluɓe ta, na ari babur ɗin ƙanena.

Ba zan ce na yi watsi da ita ba. A watan Yuli da Agusta, duk Jumma'a bayan an sauko masallaci nakan yaye tamfol, in tashe ta, in bar ta tana kuka kamar minti biyar, in kashe. Haka na ga mutane suna yi, na kuwa ɗauka abinci nake ba ta. Daga baya sai rowa ta kama ni, na ce wannan ai ƙona mai ne a banza, na daina. Abu guda na yi wanda a ganina hikima ce. Mai ɗakina tana da juna biyu, ungozoma ta asibiti ta ce sai tsakiyar Nuwamba, saboda haka na sayi lita 10 na zuba a tanki, na ce wannan na ranar haihuwa ne, kada kowa ya taɓa. Na yi niyya in wata ya kama in duba motar sosai.

Allah bai nufa a kai Nuwamba ba. Wani dare a ƙarshen Oktoba, wajen ƙarfe ɗaya, mahaifiyata ta buga mini ƙofa, ta ce, "Tashi maza, yarinyar nan ba ta gida ba ce, jini take zubarwa." Na fita ko takalmi babu, na fizge tamfol, na shiga, na murɗa makulli. Shiru. Ko 'yar jar fitilar nan da takan kama a gaban direba ba ta kama ba. Na sake murɗawa, na sake, sai ka ce ina murɗa makullin akwati. Na ta da ƙanena da samari uku na maƙwabta, suka tura ni har bakin masallaci, na saka giya ta biyu na saki kuloci, motar ta yi tsalle ta tsaya. Muka komo, muka sake, har sau huɗu. Ga mai a tanki, ga taya da iska, ga majiya ƙarfi suna haki, amma mota ta ce ba ta san zancen ba. Daga cikin gida kuwa ina jiyo salatin mata.

Ba na son in tsawaita labarin daren nan. Ƙanena ya hau babur ya tafi wani ƙauye kusa da mu ya taso wani mai a-kori-kura da yake ɗaukar hatsi zuwa kasuwa. Aka shimfiɗa katifa a bayanta, mahaifiyata ta riƙe kan mai ɗakina, muka kama hanya. Sa'a ɗaya da rabi muka ɓata a ƙofar gida. A asibitin Gwarzo ma'aikata suka karɓe ta da gaggawa, aka ɗebi jinina da na ƙanena, da asuba ta sauka, aka sami 'ya mace. Dukansu biyu suna nan lafiya, alhamdu lillahi. Amma na zauna a kan bencin nan sa'a uku ina jiran a fito a gaya mini ko wane labari ne, kuma na san in da labarin ya zo ɗaya hanyar, ba farashin mai zan zarga ba.

Kwana biyu bayan haka na kwance batir ɗin, na ɗaure shi a bayan babur na kai wa wani tsohon mai gyaran wayar mota a Gwarzo, irin waɗanda ake kira rewaya. Ya ɗora masa ma'auni, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wata nawa ke nan?"

Na ce, "Huɗu, Baba. Amma fa ko rediyo ban bari a kunne ba."

Ya ce, "Ka cire kan batir?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To, ai ba ajiye ta ka yi ba, ɗaure ta ka yi ka hana ta abinci."

Nan take maganar kakana ta faɗo mini. Tsohon ya ɗora batir ɗin a caji ya kwana, da safe ya nuna kamar ya cika, kafin la'asar ya sake zubewa. Ya mutu ke nan. Kuɗin da na tanada na ragon suna, rabinsa a kan sabon batir ya tafi, sai ɗan ƙaramin rago na yanka. Garin neman ƙiba na samo rama.

Tun daga ran nan na sa kaina sanin abin nan, ina tambayar tsohon, ina kuma karanta abin da na samu. Ga abin da na fahimta, zan faɗe shi yadda ni da ban yi makarantar sana'a ba na gane shi.

Batir ɗin mota tsohon abu ne, ya girmi motar kanta. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago shi a 1859, har yau kuwa asalinsa bai sake ba: faifayen dalma ne jiƙe cikin ruwan asid. Akwatin yana da ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da wuta bolt 2 da ɗan ɗoriya, in ya cika fal sai ma'auni ya nuna 12.6. Motocin farko ba su dogara da shi wajen tashi ba, da hannu ake wana wani ƙarfe a gaban injin, sai a 1912 aka fara sayar da mota mai tashi da lantarki a Amurka. Motar yanzu kuwa kome nata wuta ne. Famfon da yake turo mai daga tanki da wuta yake aiki, ƙwaƙwalwar da take auna man da wuta take aiki. Shi ya sa turin da muka yi daren nan bai yi amfani ba. Turi yana ta da motar da batirinta ya yi rauni, amma wadda batirinta ya mutu murus, ko ƙauye guda ya taru a bayanta da wuya ta tashi. Mai giya otomatik kuwa ba a ma tura ta.

To, ina wutar take tafiya alhali an zare makulli? Ɓarayi biyu ne. Na farko yana cikin motar. Agogo yana tafiya dare da rana, rediyo yana riƙe da tashoshin da ka adana, ƙwaƙwalwar mota ba ta barci sosai, abin kulle ƙofa daga nesa yana kasa kunne. Kowannensu ɗan tsotso yake yi, a mota mai lafiya duka-duka miliamfiya 20 zuwa 50. Ɗauki batir kamar buhu. Nawa an rubuta masa 60Ah a jiki, mu ce mudu 60 ke nan. In ana tsotsar miliamfiya 50, kullum mudu ɗaya da ɗan ɗori yake fita, a wata guda mudu 36. Injin kuwa ba ya tashi da kanzon buhu, yana son ya tarar da shi da nauyi. Ka ga ke nan tun watan Satumba motata ta riga ta zama gunki, ni kuwa ina wuce ta safe da yamma ina jin ina da mota.

Ɓarawo na biyu yana cikin batir ɗin kansa. Ko ba a haɗa shi da kome ba yana zubar da wutarsa a hankali, zafi kuwa yana ƙara masa sauri, kusan ninki biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Mu da muke ganin sama da digiri 40 a watan Afrilu, sai mu fi kowa kula. Mafi muni shi ne, idan batir ya daɗe a zube, wani farin gishiri yakan daskare a kan faifayen dalmar nan, ya taurare, ya toshe su. In ya yi tauri, caji ba ya narkar da shi. Wannan shi ya kashe nawa, ba tsufa ba, don shekararsa ɗaya da 'yan watanni.

Ɗumamawar da nake yi ran Jumma'a fa? Tsohon ya yi dariya da na gaya masa. Tashin injin yana ɗiban wuta mai yawa a lokaci guda, injin da yake kuka a tsaye kuwa kaɗan yake mayarwa. Minti biyar ba ya biyan bashin da tsotson mako guda ya ci. In za ka tashe ta, to, hau ta ka yi tafiyar kamar rabin sa'a. In ba ka da man yin haka, bar ta ta kwanta, ka cire kan batir.

Cirewar kuwa aikin minti biyu ne, yawanci da sifana lamba 10. Kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu, kada ka bar shi a ciki. Buɗe bonet, za ka ga kai biyu: ɗaya mai alamar ƙari, galibi da jar hula, ɗaya mai alamar ragi, mai baƙar waya. Mai alamar ragi za ka sassauta ka cire, ka kautar da wayar gefe, ka naɗe bakinta da tsumma ko leda don kada ta komo ta taɓa. Ba a fara cire jan, ga dalili kuwa. Baƙar wayar nan a jikin ƙarfen motar aka ɗaure ta, watau jikin motar duka ɓangaren ragi ne. In ka ɗora sifana a kan jan alhali baƙin yana haɗe, gindin sifanar ya goga ƙarfe, wuta za ta yi tartsatsi, ta ƙone ka, tana ma iya fasa batir ɗin, domin yana fitar da wata iska mai kama wuta. Saboda haka kuma ba a shan taba a kansa, ba a haska shi da ashana, a cire zobe da agogon ƙarfe. Ranar mayarwa, in duka biyu ka cire, jan ake fara ɗaurawa, baƙin ya zo ƙarshe. Mai sabuwar mota mai kwamfuta da yawa, ya tambayi rewaya tukuna, don waɗansu sukan manta saitinsu, rediyon waɗansu ma yakan kulle sai da lambar sirri.

Cire kai yana korar ɓarawo na farko ne kaɗai. Saboda na biyu, duk bayan wata ɗaya ko biyu a kai batir ɗin wurin mai caji a cika shi. In irin mai murafe ne, a duba ruwansa, in ya ja baya a ƙara ruwan batir tatacce, ba ruwan rijiya ba, ba asid ba. A ajiye shi a inuwa, inda yara ba sa kaiwa. Mutane suna cewa wai in an ajiye shi a kan siminti ƙasa tana shanye wutar. Wannan zancen batiran da ne, na yanzu akwatinsu roba ce, amma ni ma a kan katako nake ɗora nawa, don ba na son gardama da mahaifiyata.

Akwai kuma ɓarawo na uku, wanda babu shi a littafi, shi ne mutanen gida. Da zarar an ga batir a ɗaki sai a ce ai ga wuta ta samu, wannan ya ɗaura ƙwan fitila, wancan ya kawo wayarsa caji. Batir ɗin mota ba don haka aka yi shi ba. An yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi cikin 'yan daƙiƙu a mayar masa nan da nan, in ana zuƙe shi ƙaf ana cikawa, ba ya daɗewa. Ƙanena ya yi fushi da ni kwana biyu a kan wannan, ya ce ni da na ari babur ɗinsa wata huɗu. Gaskiyarsa, amma ban ba shi ba.

A watan Janairu 2024 na sake ajiye motar, don man bai sauko ba. Wannan karon na cire baƙin kai, na rubuta ranar da alli a bangon zaure. Sau biyu na kai batir ɗin Gwarzo caji, kowace Jumma'a kuma nakan buɗe bonet in duba ko ɓera ya yi sheƙa cikin wayoyi. Da Ƙaramar Sallah ta zo a watan Afrilu na mayar da kan na ɗaure, na murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi. Agogonta ya koma baya, rediyo kuma ya manta tashoshinsa duka. Mai ɗakina tana bayan mota da yarinyar a cinya, tana ta cewa, "Malam, rana tana yi," ni kuwa ina zaune ina murɗa rediyo ina neman gidan Rediyon Kano.