Daga Tasawa zuwa Mayahi ta cikin rairayi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, da rani muka tashi daga Tasawa za mu Mayahi. Mun bar babbar hanya, mun bi turbar amalanke ta ƙauyukan Kanambakashe. Motarmu Toyota ce mai ja da ƙafa huɗu.

Da muka kai jigawa, sai direba ya tsaya. Ya rage iskar tayoyi, don taya ta baje bisa rairayi kamar tafin raƙumi. Ya sa ƙaramar giya. Ya ce da safe ya fi kyau a bi, domin in rana ta take, rairayi ya kan saki.

Hagu da dama gawo ne cikin gonaki, kore shar. Awaki na tsintar ƴaƴansa. Kun san halinsa: da damina ya ke zubda ganye, shi ya sa hatsi ke yin kyau a gindinsa. Bayan farin 1984 wurare da yawa sun zama fili. A shekarar ne aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, zamanin Shugaba Seyni Kunce. Amma yawancin itatuwan nan ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka riƙa barin toho lokacin sassabe, suna yi masa aski har ya girma.

Kusa da Gulbin Kaba, inda goruba ta yi yawa, mota ta kafe. Direba ya taka wuta, tayoyi suka ƙara nutsewa. Wannan kuskure ne, ko shi ya sani. Muka sauka, muka tone rairayi da hannu, muka shimfiɗa busasshen kaba da kara. Samari shida suka tura, ta fita.

Sai direba ya so ya ratsa ta gona, inda ƙasa ta fi ƙarfi. Mai gona, wani dattijo, ya tare gaba. Ya nuna mana ƙananan gawo uku da wata mota ta murƙushe bara. Ya ce shekara huɗu yana tsaronsu daga gatari da bakin akuya. Ni dai na ga gaskiyarsa, ko da ya ke rana ta dame mu.

Muka koma turba. Muka sake kafewa sau biyu. Wata amalanken shanu ɗauke da tabarmin kaba ta wuce mu, yaron da ke kora yana dariya. Sai bayan la'asar muka shiga Mayahi.