Ranar Haihuwata A Ɗakin Tukwane

A gidanmu ba a san bikin ranar haihuwa ba. Ranar suna ake yanka rago, daga nan kuwa ba mai ƙara tuna maka ranar da ka zo duniya sai takardar makaranta. Da na tambayi kakata, Inna, yaushe aka haife ni, cewa ta yi wata rana ce cikin tsananin hunturu, ta jera tukwane ta cinna musu wuta ke nan aka aiko mata cewa surukarta ta durƙusa. Ta bar wutar ta ruga, ko da ta dawo randa biyu sun fashe. Har gobe in wasan jika da kaka ya haɗa mu sai ta ce, "Maigida, ina kuɗin randunana?"

Inna maginiyar tukwane ce a wani ƙauye cikin ƙasar Katsina. Wannan magana ban taɓa faɗa wa kowa a nan Samaru ba. In aka tambayi sana'ar gidanmu sai in ce noma, in ja bakina in tsuke, alhali kuwa wajen rabin kuɗin rajistata ta shekarar farko daga asusun Inna suka fito, kuɗin tulu da kasko da tanda. A hutun da ya wuce mahaifina ya kira ni zaure, ya ce tsohuwa ta tsufa, bayanta na ciwo, idonta ya fara hazo, ga shi robobi da tukwanen dalma sun kashe kasuwa, sai a kai kaya a dawo da su. Ya yi mata magana ta bar ginin ta ƙi, amma ni tana jin maganata, in na dawo hutu in lallashe ta. Na ce to. In faɗi gaskiya, har da murna na ce to ɗin.

Muna cikin haka sai malaminmu na al'adu, yana bayani a kan sana'o'in gargajiya, ya ce wanda bai ga baje kolin tukwanen da ke gidan tarihi na Jos ba, to, bai san abin da hannu ke iya yi da yumɓu ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Na duba na ga ranar da zan cika shekara 22 ta faɗo Asabar, na ƙirga abin da ya rage mini na abinci, na ce bari in yi wa kaina biki sau ɗaya. Abokin ɗakina ya yi dariya har da riƙe ciki, wai zan ƙona kuɗin mota don kallon gumaka. Ban nemi ya raka ni ba, don da ya bi ni sai na yi masa bayanin abin da ya kai ni. Gida ma ban faɗa ba, saboda tun rikicin 2001 da na 2008 in aka ambaci Jos gaban iyaye ke faɗuwa.

Da asuba na shiga mota. Muka bi ta Pambeguwa da Saminaka, muka fara hawa, sanyi na ƙaruwa, duwatsu sun hau kan juna kamar wani ne ya jera su. Kafin azahar ina ƙofar gidan tarihi.

Wani Bature, Bernard Fagg, shi ya kafa gidan, aka buɗe shi a 1952, kuma dalilin kafa shi na da alaƙa da haƙar kuza. Tun 1928 masu haƙa ke tono wasu sassaƙe na gasasshen yumɓu a wajen ƙauyen Nok da ke kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka samu wani kai a yankin Jama'a, wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doya ya zama mutum-mutumin korar ɓarna, kafin ya kai hannun Fagg. Masana sun ce waɗannan sassaƙe sun haura shekara 2,000. Na tsaya gaban waɗanda aka baje, ga idanu masu kusurwa uku, ga kitso iri-iri, an huda ƙwayar ido da hanci da baki. Mutane na mamakin kitson, ni kuwa jikin yumɓun nake kallo, don na ga tsakuwa-tsakuwa a cikinsa. Na san wannan. Inna ba ta taɓa gini da yumɓu zalla, sai ta daka tsingaro ta kwaɓa a ciki don kada wuta ta tsaga mata aiki, kuma duk abin da ta rufe cikinsa sai ta bar masa kafar da iska za ta fita. Ashe dabarar da nake gani a bayan ɗakinmu ta girmi ganuwar Kano nesa ba kusa ba.

Na leƙa filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Na yi wa kaina dariya: shekara uku ina Zariya ban je na ga na ainihi ba, na zo Jos kallon kwafinsa. Ban daɗe ba na wuce abin da ya kawo ni.

Mai karatu, gani ya kori ji. Tukwane ne daga kowane lungu na Nijeriya, waɗanda wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ta yi ɗawainiyar tarawa da tsarawa, har ta fitar da littafi a kansu a 1970. Ga randunan da yaro zai shige ya ɓuya, ga tuluna masu dogon wuya, ga na girki da na burkutu da na tsafi, wasu baƙi wuluk suna ƙyalli, wasu ja kamar jan ƙasar gona. Da farko kyan su ya ɗauke mini hankali, daga baya sai na lura hannuna na motsi shi kaɗai, ina bin zanen da yatsa a iska. Kowace an san ƙasar da ta fito da mutanen da ke yin irinta, amma wadda ta durƙusa ta gina ta ba a san sunanta ba. Ban ga laifin kowa a nan ba, don ko a ƙauyenmu ba mai sa wa tulu hannu. Sai dai a kasuwarmu mata na ɗaga tulu su ƙwanƙwasa, su ce wannan ginin Inna ne, kuma ba sa kuskure.

Ina nan tsaye sai ga wata malama da 'yan firamare wajen ashirin. Wata 'yar ƙarama ta nuna wata randa ta ce da me aka yi wannan zanen mai kama da saƙa? Malamar ta yi jim. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce igiya ake murɗawa a mirgina ta a jikin randar tun tana ɗanya, wani lokaci kuma totuwar masara. Ƙyallin kuwa ba fenti ba ne, dutse mai santsi ake gogawa, ko 'ya'yan kuka da aka shirya a zare. Na gaya musu yadda ake shanya ginin a inuwa kwana da kwanaki, da yadda ake kife tukwane a lulluɓe su da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu a sa wuta, da yadda maginiya ke kasa kunne, in ta ji ƙara tas ta san ta yi hasara. Yara suka kewaye ni. Malamar ta ce, "Malam, a jami'a ka karanta wannan?"

Na ce, "A'a, Malama. Kakata ce maginiya."

Kalma biyar ke nan ko shida, amma sai da na ji zufa a cikin sanyin Jos.

Da la'asar na zauna wurin mai shayi, aka ba ni canji har da tsohuwar naira 20, wadda yanzu ko ruwan leda ba ta saye. Na juya bayanta, ga Ladi Kwali durƙushe gaban tukunyarta. Ba ta yi boko ba, a hannun danginta mata ta koyi gini a ƙasar Gwari. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, ta zagaya Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, kuma a 1977 wannan jami'a tamu ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984. Sau nawa takardar nan ta ratsa hannuna ban taɓa tsayawa na dube ta ba?

Ban ce mahaifina ya yi kuskure ba. Bayan Inna na ciwo da gaske, kuma ba tausayina ne zai sa matan ƙauye su ajiye jarka su koma ɗaukar tulu ba. Amma saƙon da na karɓa a zaure ba zan iya kai shi ba, ban kuma san da wane baki zan gaya wa Baba haka ba. Abin da na yanke kawai shi ne, kundin digirina a kan kalmomin ginin tukwane zan rubuta shi, kuma da sunanta zan fara.

A tasha, kafin mota ta cika, na buga wayar ƙanena na ce ya kai wa Inna. Na gaya mata inda nake da abin da na gani. Ta yi salati, ta ce, "Maigida, har Jos ka je kallon tukunya? Da kuɗin motar ka kawo ka rage bashin randunana." Muka yi dariya. Sai ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, randunan nasu, bakinsu a tsaye yake ko sun lanƙwasa shi waje?"

Na yi ta tunani har direba ya tada mota. Wallahi ban lura ba.