Kundin Mai Gyaran Bishiya: Mako Guda Kafin Damina a Kano

Asabar

Mayu ya shigo, zafi ya kai intaha, wayata kuma ba ta hutawa. Haka take kowace shekara. Tun daga kaka har ƙarshen hunturu ba mai tuna yana da bishiya a gida, sai hadari ya fara haɗowa daga gabas, iska ta yaye rufin maƙwabci, sannan kowa ya ɗaga kai ya ga reshen darbejiya a saman ɗakinsa. A 'yan makonnin nan ake tara abin da za a ci har bayan damina. Mai son shiga sana'ar nan ya san da haka tun farko, kada cinikin Mayu ya ruɗe shi ya ƙara aure.

Da hantsi wani Alhaji ya kira daga unguwar Nassarawa. "Malam, madaci ne guda ɗaya tak. Nawa za ka yi mini?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sai na zo na gani." Ya ce zai turo hoto ta WhatsApp. Na ce ya turo, amma duk da haka sai na zo. Hoto yana nuna bishiya, ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinta, alhali abin da ke ƙarƙashin shi ke yanka farashi: katanga, tankin ruwa, faifan sola, rumfar mota, wayar wuta. Bishiyar da ke fili za a gama da ita kafin azahar. 'Yar'uwarta mai girma ɗaya da ke tsakanin ɗakuna sai an sauke ta gunduwa-gunduwa da igiya, ta ci yini biyu.

Lahadi

Na je. Tsohon madaci ne, irin waɗanda aka jera a titunan unguwar tun zamanin Turawa. Masu neman magani sun ɓare masa ɓawo ta gefen titi, abin da ke damun madaci ke nan a duk faɗin garin nan, amma ba su zagaye shi ba. Da sun zagaye, da tuni ya bushe, don ta ƙarƙashin ɓawo abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa.

Kafin in buɗe baki kan kuɗi, sai na zagaya gindin. Na ƙwanƙwasa da bayan gatari ina sauraro, domin mai rami a ciki yana da amonsa. Na duba ko akwai hanyar gara, ko naman kaza ya fito a gindi, ko ƙasa ta ɗaga ta gefe guda, ko wurin da manyan rassa suka rabu ya tsage. Na tsaya na ɗan jima ina kallon sama ko zan ga ƙudan zuma na shige da fice. Mai hawa yana iya jure zafi da gajiya, amma zuma ta taso masa yana rataye da injin yankan itace a hannu, sai dai Allah ya kiyaye.

Alhaji so yake a kayar da shi daga tushe. Na ce masa itacen lafiyarsa ƙalau, rassa biyu ne suka yi nauyi ta kan rufi, sai wani busasshe a sama. Ya yi mamaki, don ya san kayarwa ta fi kawo mini kuɗi yau. Gaskiya ne. Amma wanda ya kayar da bishiya ya ci kuɗinta sau ɗaya ya gama, wanda ya gyara ta kuwa za a sake kiransa bayan shekara biyu ko uku, kuma maƙwabta na kallo. Jarin mai wannan sana'a yana tsaye ne a gidajen mutane, a raye. Yaran da suka sayi inji jiya suna bin unguwa suna tambayar wa ke da bishiyar sarewa, cin jarinsu suke yi.

Farashi kuwa haka nake haɗa shi: ladan yara na yini, mai, hayar motar kwashe shara, wani abu na gyaran inji da igiya, sannan ribata. Akwai tambayoyi uku da ba na tashi sai an amsa su. Wa zai kwashe ganye? Itacen na wa ne? Idan kayarwa ce, za a tone kututture ko a bar shi? Yawancin rigimar da ake yi a sana'ar nan daga ukun nan take fitowa. Muka daidaita, na rubuta masa a saƙo, ya amsa, ya ba da kafin alƙalami.

Litinin

Ranar takarda da kasuwa. Tun 2025 gwamnatin Kano, ta hannun Ma'aikatar Muhalli, ta hana aiki da injin yankan itace ba tare da lasisi ba. Sarewa ko rage rassa sai da izini, wanda ya sare kuma sai ya dasa wasu a madadin. Abokan sana'a da yawa suna gunaguni. Ni dai ina ganin dokar ta fi amfanar mai aikin gaskiya, domin makaranta ko banki ko asibiti ba za su ba ka aiki ba sai da takarda, kuma su ne ke biya a kan kari. Haka ma rajistar sunan sana'a a hukumar CAC da asusun banki da sunan sana'ar. Kuɗin aiki ya shiga aljihun da ake cefane daga ciki, ba za ka taɓa sanin ko kana cin riba ba.

Daga nan na shiga Sabon Gari neman sarƙar inji da magagari. Kamfanin Stihl mai ƙera injin yankan itace ya ce a gauraya fetur kashi 50 da man inji kashi 1, man da aka yi domin irin wannan injin. Masu zuba baƙin man da aka juye daga mota suna ganin sun yi tsimi, sai inji ya kama su sayi sabo. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 nake rubuta kuɗin mai daban a lissafi, mai aiki ya gani da idonsa.

Talata

Mun fara madacin bayan sallar asuba, don mai hawa ya sauko kafin rana ta take. Jiya da yamma na riga na shiga wurin maƙwabta biyu na roƙe su su janye motoci, na kuma gaida mai unguwa. Gaisuwar nan ba ta cin ko sisi, rashinta kuwa na iya tsayar da aiki ana tsaka da shi.

Ba na zuwa aikin hawa da ƙasa da mutum uku: mai hawa, mai riƙe igiyar sauke reshe, da mai tsaron hanya. Mai hawa yana ɗaure a wuri biyu duk lokacin da inji ke kunne. Igiyar da ke riƙe mutum daban, ta sauke itace daban, ba a musanya su ko da wasa. Hular kwano, tabarau da takalmi dole ne, ko da yaro ya ce zafi ya ishe shi. Murya ɗaya ake bi. Mai hawa ya ce "A kauce!", sai ya ji "An kauce!" daga ƙasa kafin ya saki.

Shi kansa yankan, sau uku ake yi wa babban reshe. Na farko daga ƙasa, kamar kamu ɗaya daga jikin bishiya, a shiga kusan sulusin kaurinsa. Na biyu daga sama, an ɗan ƙara matsawa waje, har reshen ya faɗi. Yankan ƙasan nan shi ke hana nauyin reshe ya yage ɓawo ya sauko da shi har jikin uwar. Na uku shi ne na cire guntun da ya rage, kuma a nan gwani ke bambanta da mai sara. Inda reshe ya haɗu da jiki akwai wani kumburi da ya zagaye shi. A gabansa kaɗan ake yankewa, ba a shafe shi, ba a kuma barin dungu mai tsawo. Daga kumburin nan ne sabon nama ke tasowa ya rufe ciwon. Wani masanin itatuwa ɗan Amurka, Alex Shigo, ya yi shekaru yana tsaga itatuwa yana duba cikinsu, ya nuna cewa bishiya killace ruɓa take yi a ciki da kanta, kuma shafa fenti a kan yanka ba ya hana ruɓewa. Saboda haka da Hajiyar gidan ta aiko da baƙin mai a shafa, na ce a mayar mata da godiya.

Sabon yaron da nake koya wa ya ɗauki inji zai yi gunduwa-gunduwa da itace a ƙasa, na ga ya kai hancin takobin injin, ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, kusa da wani gungume. Na tsayar da shi. Saman hancin nan ya taɓa abu, inji baya yake zabura ya nufo fuska, kafin mutum ya ƙifta ido. Ya ce, "Maigida, ai a hankali nake." Na ce a hankali ba ta maganin wannan, sai riƙo da hannu biyu da tsayawa a gefe.

Laraba

Na ƙi aiki biyu. Na farko zaiti ne da ya shiga cikin babbar wayar wuta. Mai gida ya ce ai an ɗauke wuta tun jiya. Na ce ana iya kawo ta yanzu. Sai kamfanin wuta ya kashe layin, ma'aikacinsu yana tsaye, sannan yarona ya hau.

Na biyu wata makaranta ce ke son a guntule kan darbejiyoyinta duka, a bar sanduna tsirara. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya aka kawo, tana da taurin rai, za ta tofo. Sai dai tohon da ke fitowa a bakin dungu a fatar itace kawai yake maƙale, yana girma da sauri, shi ne kuma ke ɓallewa da iska bayan 'yan shekaru, a kan 'ya'yan mutane. Ƙa'idata kada a cire fiye da rubu'in ganyen bishiya a lokaci ɗaya. Shugaban makarantar ya ce zai nemi wani. Zai samu.

Alhamis

Ranar sayar da itace. Rassan madacin masu kauri wani masassaƙi ya ɗauka, matsakaita suka tafi gidan burodi, ƙirare kuma mata masu tuyar ƙosai suka kwashe. Kuɗin ya biya hayar mota har da ragi. Amma ba na yarda da cinikin da ake cewa yi aikin ka ɗauki itacen a matsayin lada. Ɗanyen itace nauyi gare shi, ba shi da daraja sai ya bushe, yara kuwa yau suke son kuɗinsu.

Juma'a

Ba hawa. Wasa sarƙa, wanke matatar iska, bin igiya da hannu taƙi-taƙi ana neman inda ta ƙoje. Wadda ta ƙoje a yanke ta nan take, don kada wani ya ɗauka da gaggawa.

Asabar

Daren jiya iska ta zo da ƙura, ruwa ya biyo baya. Kafin gari ya waye kira ya fi ƙarfina. Bishiyar da ta faɗi ta fi ta tsaye haɗari, don rassanta a danne suke, ka yanke wanda ke ɗauke da nauyi gungumen ya juyo kanka ko ya matse takobi. Muna farawa daga ƙananan rassa mu nufi gindi, muna duba inda nauyi ya kwanta kafin kowane yanka. Ina ƙara kuɗi a aikin gaggawa, amma ba na tsuga wa wanda rufinsa ke ƙasa. A unguwar nan zan ci gaba da neman aiki.

Wanda ke da mangwaro ya jira a gama tsinka kafin ya kira mu, a lokacin ne za a rage shi a kuma cire masa kauci. Mai darbejiya ko madaci a kusa da ɗaki kuwa, ya neme mu a Fabrairu ko Maris. Aiki ya fi sauƙi, farashi ya fi rahusa, kuma ba sai ya bi layi ba.